GUBAR ZAIBA DA HAƘƘIN WANDA BAI SAN AN CUCE SHI BA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya saukar da ruwa, sa'an nan Ya ɗora wa ɗan Adam amanarsu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, filin wannan mako zai yi magana ne a kan wani irin zalunci wanda mai yinsa ba ya ganin jini a hannunsa, wanda aka yi wa kuma ba ya sanin wa zai kai ƙara. Wannan shi ne sakin guba cikin iska da ruwa da jikin mutane. Gubar da ake nufi a nan ita ce zaiba, wadda likitoci ke kira makuri.

Mutanen ƙasar Daura, tun daga birni har Sandamu da ƙauyukanta, sun san labarin rijiyar Kusugu da macijin da ya hana jama'a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Wancan maciji ana ganinsa, shi ya sa aka sami wanda ya sare shi. Zaiba kuwa idan ta shiga ruwa ba ta sāke masa launi, ba ta sāke masa ɗanɗano, kuma ba ta ruɓewa kamar taki, balle a ce shekaru za su cinye ta.

Ita zaiba ƙarfe ce, amma a narke take kamar ruwa, tana ƙyalli kamar azurfa, nauyinta ya ninka na ruwa fiye da sau 13. Ko ba a sa mata wuta ba tana fitar da tururi marar wari, idan aka ƙona ta kuwa sai abin ya tsananta. Wanda ya daɗe yana shaƙarta sai hannunsa ya riƙa rawa, barci ya ƙaurace masa, mantuwa da saurin fushi su kama shi, ƙodarsa ta lalace. Idan ta kwanta cikin laka a ƙarƙashin ruwa, ƙananan halittu kan mai da ita wani nau'i mafi muni. Ƙaramin kifi ya ci, babban kifi ya ci ƙarami, tsuntsu ko mutum ya ci babba, a kowane mataki kuma gubar tana ƙara taruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa ta cikin abubuwa goma da suka fi barazana ga lafiyar jama'a.

Allah Ya faɗa a cikin Suratur Rum, aya ta 41, cewa ɓarna takan bayyana a tudu da teku saboda aikin hannuwan mutane, domin su ɗanɗani sashen abin da suka aikata ko sa dawo kan hanya. Abin da ya faru a Minamata ta ƙasar Japan ya isa tafsiri. Wani kamfani mai suna Chisso ya yi ta zuba ruwan datti mai zaiba a cikin teku tun daga 1932 har 1968. Dabbobi ne suka fara nuna alama. Kifi ya riƙa tasowa a mace, tsuntsaye suna faɗowa daga sama, kyanwoyi suna tangaɗi suna afkawa cikin teku. A 1956 aka gane cutar a jikin mutane, masunta da iyalansu. Abin da ya fi ban tausayi shi ne mata waɗanda a ido lafiyarsu ƙalau, amma suka haifi 'ya'ya masu shanyewar jiki da taɓuwar ƙwaƙwalwa, domin gubar ta ratsa mahaifa ta tare a jikin ɗan tayi. Waɗanda hukuma ta tabbatar sun kamu sun haura 2,000.

Mai karatu na iya cewa ina ruwan Sandamu da tekun Japan, alhali ita ƙasar gero da dawa da gyaɗa da wake ce, ba garin masana'antu ba? To, zaiba ba ta bukatar masana'anta kafin ta shiga gida. Tana da ƙofofi uku.

Ƙofa ta farko ita ce neman zinariya. Tun da aka gano zinariya a Jado ta arewacin Nijar a shekarar 2014, da kuma Ɗan Isa ta jihar Maraɗi a 2021, ga kuma ramukan Zamfara, samari da yawa daga ƙasar Hausa sun mai da haƙar zinariya ci-raninsu. A irin waɗannan wurare ana niƙa dutse, a cuɗa garin da zaiba don ta kama zinariyar, sa'an nan a ƙona curin, zaibar ta tashi sama, zinariyar ta rage. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya nuna wannan sana'a ita ce kan gaba wajen sakin zaiba cikin iskar duniya, fiye da kashi ɗaya bisa uku. Mai ƙonawa shi ne farkon wanda zai shaƙa, bayansa sai duk wanda ke kusa, sauran kuma ya sauka kan tufafi da bango da ƙasa da ruwa. Ba a manta da annobar 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum ba, inda yara fiye da 400 suka rasu. Waccan guba dalma ce, ba zaiba ba, amma hanyar ɗaya ce: an shigo da aikin zinariya tsakar gida, inda yara ke rarrafe, inda mata ke daka.

Ƙofa ta biyu ita ce man shafawa da sabulun sauya launin fata. Da yawa daga cikinsu akan sa musu zaiba, kuma ba a rubuta haka a jikin kwalba. Tana shiga ta fata, ta taɓa ƙoda da jijiyoyi, ta bi nonon uwa zuwa ga jariri, ta manne a tawul da zanen gado ta kai ga wanda bai taɓa shafawa ba. Hukumar NAFDAC ta haramta irin waɗannan kaya, kuma a 2023 ta bayyana sauya launin fata a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Nijeriya. Alhali kuwa Allah Ya ambaci bambancin harsuna da launuka cikin ayoyinSa a Suratur Rum, aya ta 22. Yaya za a ɗauki aya a mai da ita aibi? Laifin nan bai tsaya ga mata kaɗai ba. Mijin da ke yi wa matarsa gorin baƙi, da saurayin da ba ya duban kowa sai fara, da uwar da ke shafa wa amarya don a yaba ranar biki, duk suna da kamasho.

Ƙofa ta uku ita ce kayan amfanin gida: dogon ƙwan lantarki mai farin haske, da tsohon ma'aunin zafin jiki na gilashi, da wasu ƙananan batura. Idan suka fashe, ko aka ƙona su a juji, zaibar da ke ciki takan fita. Manoma kuma suna da darasi na musamman daga Iraƙi. A ƙarshen 1971 aka raba wa manoman ƙasar irin alkama wanda aka cuɗa da maganin zaiba, aka rina shi ja. Gargaɗin da ke jikin buhunan ba da Larabci aka rubuta shi ba, irin kuma ya iso a makare. Mutane suka wanke jan launin, suka niƙa, suka yi gurasa. An kwantar da 6,530 a asibiti, 459 daga cikinsu suka rasu. Ko da yake magungunan iri na yau galibi ba na zaiba ba ne, hukuncin ɗaya ne: irin da aka sa wa magani na ƙasa ne, ba na tukunya ba, ba na kaji ba, kuma wanki ba ya tsarkake shi.

To, mene ne matsayin Shari'a? Malamai sun ce addini ya zo ne don kiyaye abubuwa biyar: addini, da rai, da hankali, da zuriya, da dukiya. Zaiba tana taɓa rai da hankali da zuriya a lokaci guda. Hadisin da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa ya hana cuta da cutarwa, bai kuwa ware cutar da ake gani nan take daga wadda sai bayan shekara goma take bayyana ba. Malaman fiƙihu sun hukunta cewa wanda ya haƙa rami a kan hanyar jama'a ba bisa haƙƙi ba, shi ke lamunin abin da ya faɗa ciki, ko da yana barci a gidansa sa'ad da abin ya faru. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana ƙazantar da ruwan da ba ya gudu da mashayar jama'a, alhali wannan ƙazanta ce mai gushewa. Ina ga wadda za ta zauna har jikoki?

Ɗan kasuwa kuma ya tuna da mai sai da hatsin da Annabi ya tura hannu cikin tsibinsa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata masa, ya nesanta mai algus daga jama'arsa. Wanda ya san abin da ke cikin kwalba ya yi shiru, ya ɓoye aibi ke nan, ribarsa kuwa ba ta da albarka. Dabbobi ma suna da nasu haƙƙi. Suratul An'am, aya ta 38, ta sanar cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamar mutane, Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa ɗaya. Wanda ya gurɓata tabki, kifi da kwaɗi da balbela da shanun makiyaya nawa zai amsa tambaya a kansu?

Neman halal ibada ne, kuma ba wanda zai raina talaucin da ke tura yaro cikin rami. Amma ƙa'ida ita ce tunkuɗe ɓarna yana gaba da jawo amfani. Masu cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa su tuna an umurci mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna kafin ya dogara ga Allah. Saboda haka wajibi ne mai aikin zinariya ya nisanta ƙona zaiba daga gida da rijiya da tukunyar abinci, ya nemi irin tukunyar nan mai murfi da ke tara tururin, ko hanyoyin wanke zinariya da ba sa bukatar zaiba, kada kuma ya shigo wa iyalinsa da tufafin aiki. Idan ƙwan lantarki ko ma'aunin zafi ya fashe, a fitar da yara, a buɗe tagogi, a kwashe da takarda mai kauri, kada a sa tsintsiya, kada a taɓa da hannu. Wanda ya ga rawar hannu ko kumburin jiki bayan hulɗa da waɗannan abubuwa ya tafi asibiti ya faɗi gaskiyar abin da ya taɓa.

Ƙasashen duniya sun ƙulla yarjejeniyar Minamata a 2013, Nijeriya ta tabbatar da shigarta a 2018. Sai dai takarda ba ta isa ƙauye da ƙafarta. Limaman Juma'a da malaman zaure da na Islamiyya, da hakimai da dagatai da sarakunan kasuwa na masarautar Daura, su ne muryar da jama'a ke ji. Rashin sani ya fi dare duhu, wanda ya sani ya yi shiru kuwa ya ci amana.

Allah Ya kiyaye ruwa da ƙasa da zuriyar Musulmi, Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya sanya albarka cikin neman halal. Amin.