Abin da Akuya Take Kallo

An yi wani tsohon direba a Kano wanda ya fara yaron mota tun ana tuƙi a hannun hagu, kafin a koma dama a 1972. Da ƙarfi ya fara ja baya, sai ya sakar wa yaronsa sitiyari, ya koma kujerar gefe yana gyangyaɗi. Yaron kuwa ga sabon lasisi, ga zafin nama, ga ido kamar na shaho. Har a tasha yakan ce maigida ya zama kaya, kayan da ba a biya wa kuɗin mota.

Wata Juma'a, ranar kasuwar Wudil, suka cika bas suka kama hanya. Titi fetal, allura na kan 100, gudun da mota ke cinye kusan mita 28 a daƙiƙa guda. Sun kusa gari, ga wata tirela a fake a dama, sai tsoho ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Ɗaga ƙafa, yaro."

Yaro ya duba. Babu rami, babu shinge, babu mai tsallakawa. Motar baya na ta danna masa hon. Wani fasinja ya ce, "Direba, so kake mu tarar kasuwa ta watse?" Zuciya ta raya masa cewa mafarki tsoho yake yi, ƙafa ta ƙi barin totur. Can ya tuna shekara uku ya yi yana wanke motar nan, bai taɓa jin maigida ya yi maganar banza a kan hanya ba. Ya ɗaga, ya taka birki, yana ƙunƙuni.

Sai ga ɗan akuya ya ɓullo ta gaban tirela da guntuwar igiya a wuya, wata 'yar yarinya biye da shi, ko waiwaye ba ta yi. Bas ta tsaya, tsakaninsu bai fi taku biyu ba. Mota ta ɗauki salati, daga nan aka shiga yabon idon direba.

Sai da suka haye gada yaro ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Maigida, ta cikin tirela ka hango ta?"

"Ka ga akuyar da ke tsaye a hagu tana kuka?"

"Na gan ta."

"Ina take kallo?"

Yaro ya yi shiru. Tsoho ya ja hula ya rufe ido.