Gadon Majinyaci da Mutuncin Wanda Ke Kansa

Idan muka je gaida mara lafiya, mukan tambayi jiki, mu tambayi abin da likita ya ce, mu yi addu'a, mu ajiye ɗan abin da ya sawwaƙa, mu tafi. Akwai tambaya guda da ba mu yi, gama kunya ba ta barinmu: wa ke kai wannan bawan Allah bayan gida, wa ke yi masa wanka? Alhali kuwa a nan nauyin jinya yake.

A ƙauyukan ƙasar Dawakin Tofa wannan ba baƙon abu ba ne. Mota ta kaɗe mutum a hanyar Katsina yana komowa daga kasuwar Dawanau, ko hawan jini ya shanye wa dattijo ɓarin jiki yana cikin gona. A kai shi asibitin ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Likitoci su yi iyakar ƙoƙarinsu, a sallamo shi, a kwantar da shi a kan katifa a ƙasa ko gadon ƙarfe. Masai kuwa yana can ƙarshen gida. Daga ran nan, magidancin da ba a taɓa ganin ko cinyarsa ba sai an ɗaga shi, an tura masa fo, an goge shi kamar jinjiri. Sau da yawa mai wannan aiki matarsa ce, ita ma ta tsufa. In ba ta nan sai 'yarsa, ko ma matar ɗansa, wadda a al'adarmu ko sunansa ba ta faɗa.

Kada a ɗauka kunyar majinyaci girman kai ce. Littafin Farawa, sura 9, ya ba mu labarin Nuhu yana kwance tsirara a cikin alfarwarsa. Ham ya gani, ya fita ya ba da labari. Shem da Yafet suka ɗauki mayafi, suka shiga da baya, suka rufe mahaifinsu ba tare da sun dube shi ba, su ne kuma suka sami albarka. A lura, Nuhu bai ma san abin da ake ciki ba a lokacin. Wato mutunci ba ya jiran mutum ya iya kare shi da kansa. Haƙƙi ne a wuyan waɗanda ke tsaye a kansa. Sai dai kunyar nan da ke tsaron mutunci tana iya kashewa. Masu jinya sun san majinyacin da ke ƙin tuwo, yana ƙin ruwa, ba don ba ya so ba, sai don kada a zo a gyara shi. Ciki ya bushe, fitsari ya yi kauri, jiki ya raunana. Wani kuma ya ɓata shimfiɗa ya yi shiru har gari ya waye, laima tana cin fatarsa. Maƙwabtanmu Musulmi suna da ƙarin damuwa a kan wannan, domin mai salla yana son jikinsa da tufarsa su kasance da tsarki.

Saboda haka ne masu ilimi suka daɗe suna gyaran gadon asibiti. A 1909 wani likita Ba'amurke, Willis Gatch, ya fito da gado mai gaɓa uku, wanda ake ɗaga wajen kai da wajen gwiwa har majinyaci ya zauna. Jikansa ne gadon da ake murɗa wa hannu a asibitocinmu. A 1958, lokacin annobar amai da gudawa a Bankok, wani likitan sojan ruwan Amurka, Raymond Watten, ya tsara gado mai rami a tsakiya, da shimfiɗar roba, da bokiti a ƙarƙashi, domin a auna ruwan da ya fita daga jiki a mayar da daidai shi. Irin wannan gado ake jerawa a sansanonin jinya idan cutar ta ɓarke, kamar yadda ta yi a Kano a 1996 da 2021. A Japan, inda kusan kashi 29 cikin 100 na jama'a sun kai shekara 65 ko fiye, an kai ga ƙera na'urar da ake ɗaura wa majinyaci, ta ji ya yi fitsari ko bahaya, ta zuƙe, ta wanke shi da ruwan ɗumi, ta busar. Akwai kuma gadon wanka mai gefe, da ake tara ruwa a cikinsa a tsiyaye ta bututu ba tare da an ta da mutum ba.

To, a nan gardama ta shigo. Wasu masu ibada sukan ce: ashe ba da hannunsa Ubangiji ya wanke ƙafafun almajirai ba, kamar yadda Yohanna ya rubuta a sura 13? Ba Waliyi Kamilus na Lellis, wanda ya rasu a 1614, ya shafe rayuwarsa yana gyara shimfiɗar marasa lafiya a asibitocin Roma, shi kansa da gyambo a ƙafa ba? Idan ƙarfe da roba suka karɓe wannan aiki, ina ladan, ina ƙaunar? Maganar tana da daɗin ji, amma ni a ganina yawanci daga bakin wanda bai taɓa ɗaukar fo da tsakar dare ba take fitowa. Majinyaci ba gonar neman ladanmu ba ne. Idan tsoho zai iya biyan bukatarsa ta ramin gado, a bayan labule, ba tare da surukarsa ta ga tsiraicinsa ba, mai hana shi wannan don a sami lada ya fifita ibadar kansa a kan mutuncin ɗan'uwansa. Mayafin Shem da Yafet ma ai kayan aiki ne. Ga kuma mai jinyar: ita ma mutum ce, tana da baya da ƙugu. Tsohuwar da ke ɗaga namiji mai nauyi sau biyar a yini, ba da daɗewa ba majinyata za su zama biyu a gidan.

Duk da haka, akwai gaskiya a cikin tsoron nasu, kuma likitoci ne suka fi tabbatar da ita. Babban abokin gaban mai doguwar kwanciya shi ne gyambon kwanciya. Inda ƙashi ya danne fata, a gindin baya, da kwatangwalo, da diddige, jini ba ya gudana. Fata ta mutu, rami ya buɗe, wani lokaci har ƙashi, ƙwayar cuta ta shiga jini. Ludwig Guttmann, wanda ya buɗe sashen masu raunin laka a Stoke Mandeville ta Ingila a 1944, ya kafa doka a juya kowane majinyaci duk bayan awa 2, dare da rana, da haka kuma mutanen da a da ake fid da rai da su suka rayu. Gado mai rami yana da jaraba: tunda bokiti na ƙasa, sai a ga ba dalilin shiga ɗakin. Ga shi bakin ramin kansa yana danne fata idan an daɗe a kai. Gadon kwalara na 'yan kwanaki ne, ba na shekara ba. Aikin gyaran jiki, kome ƙyamarsa, shi ne ke tilasta a taɓa mutum, a ga jan tabo tun bai fashe ba, a ji muryarsa. Idan gado ya ɗauke wannan tilas, to sai ƙauna ta kai mu ɗakin da kanta, ita kuwa ta fi saurin gajiya.

Don haka abin tambaya game da kowane gado shi ne: don wa aka yi shi? Rami ɗaya ne, amma idan aka bar mutum a kai tsirara, ƙofa a buɗe, yara na leƙe, ƙuda na bin bokiti, an sauƙaƙa wa masu lafiya ne kawai, an kuma ƙara wa mai ciwo wulakanci. Hanya mafi sauƙi ta sani ita ce a tambayi mai kwanciyar kansa, wa yake so ya gyara shi, da wane lokaci. Abin mamaki, shi ne ba a cika tambaya ba. Akan yi shawara a kansa yana ji, kamar ya riga ya tafi.

Na'urar Japan tana bukatar lantarki da ba ya ɗaukewa da ruwan famfo, ba ta manomin gero da gyaɗa ba ce. Amma mai walda da kafinta ba su gagare mu ba. Za su iya yin gado mai tsayin ƙugun mai jinya don kada ta riƙa sunkuyo, da wajen kai mai ɗagawa, da rami mai murfi wanda aka lulluɓe da soso da leda, a buɗe shi lokacin bukata kaɗai a mayar, da bokiti mai marfi a ƙasa, da sanduna huɗu na rataya labule da gidan sauro. Iyali ɗaya zai yi wuya su iya, amma ikkilisiya za ta iya mallakar guda biyu ko uku ta riƙa ba da aro, ga Kirista da Musulmi, a wanke a mayar idan bukata ta ƙare. Ranar Marasa Lafiya ta Duniya, 11 ga Fabrairu, wadda Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya kafa a 1992, ta dace da karɓar baiko don wannan. Zumuntar Mata sun daɗe da wannan hidima. Maza ne ba a gani. Idan mai kwanciyar namiji ne, a rubuta sunayen 'ya'yansa maza da samarin coci, kowa da darensa, a nemi wani ma'aikacin jinya ya nuna musu yadda ake juya mutum da zane ba tare da an ja fatarsa ba, da wuraren da ake dubawa kowace safiya.