Ko Tsoro Yana Iya Tsare Rai?

Ran 25 ga Afrilu 2005, da safe, wani jirgin ƙasa ya kauce daga kan dogo a Amagasaki, kusa da Osaka a ƙasar Japan, ya faɗa wa wani gidan bene. Mutum 107 suka mutu, har da direban, fiye da 500 kuma suka ji rauni. Jirgin ya shiga kwana da gudun kilomita 116 cikin awa, alhali kuwa ƙa'idar wurin 70 ce. Mai saurin yanke shari'a zai ce magana ta ƙare, direba ya yi ganganci. Amma me zai sa saurayi mai shekara 23 ya manta da birki a inda ya saba taka shi?

Mintoci kaɗan kafin haɗarin ya zarce wurin tsayawa a tashar Itami da mita 72, sai da ya komo da baya, jirgi ya makara fiye da minti ɗaya. Ya roƙi kwandasta ya sassauta rahoto, shi kuwa ya gaya wa ofis ta rediyo cewa mita 8 ne kawai. Hukumar bincike ta ce a rahotonta na 2007 mai yiwuwa ne hankalin direban yana kan wannan magana ta rediyo sa'ad da kwanar ta iso.

Abin da yake tsoro ya riga ya ɗanɗana shi. A 2004 ya taɓa zarce wata tasha, kamfanin JR West ya sa shi horo na kwana 13. Sunan abin koyarwa, amma zaman ofis ne, mutum yana ta rubuta takardun tuba, manya suna yi masa faɗa. Waɗansu ma ciyawa aka sa su cirewa, sai ka ce da ciyawa ake koyon birki.

Horo yana da amfani ga wanda ya san daidai, ya zaɓi ya ƙi, kamar wanda ya sha giya ya hau aiki. Mantuwa kuwa ba wanda yake zaɓenta. In an hori mutum saboda ita, ba ta barinsa, ɓoye ta kaɗai yake koya, shugabanni kuma su rasa labarin ƙananan kurakurai waɗanda da sun nuna musu inda babban yake tafe. Lalle direban ba shi da hujjar neman a yi masa ƙarya, gama rayukan mutane suna hannunsa. Duk da haka wanda ya shirya aiki har ƙarya ta fi gaskiya sauƙi ga ƙaramin ma'aikaci ba zai iya wanke hannunsa ba.

Ga kuma wani abu. Akwai na'urar da takan taka birki da kanta in gudu ya wuce ƙa'ida, amma ba a sa ta a wannan kwana ba sai bayan haɗarin. An kai tsofaffin shugabannin kamfanin su huɗu gaban kotu, aka sallame su duka. Sai a 2016, shekara 11 bayan jana'izar, kamfanin ya daina horon ma'aikaci saboda kuskuren da ba da gangan ya yi ba.