Injin Da Aka Gyara: A Faɗa Ko A Yi Shiru?



'Yan'uwa, da yawa daga cikinmu a nan Legas da kayan tokunbo muke ci. Kwantena ta sauka a Apapa ko Tin Can, a kai ta Alaba, a buɗe, kowa ya ɗebi daidai ƙarfinsa: fanka, firji, dutsen guga, har da injin zuƙe ƙura irin wanda ake share kafet ɗin masallaci da shi. Shi za mu ɗauka misali yau.

Wanda ya san harkar ya san yawancin injinan nan ba mutuwa suka yi ba. Wani jakarsa ce ta cika, wani matatarsa ta toshe, wani tiyo ne ya tsage, wani kabon ɗinsa ne ya cinye. A canza, a wanke, a goge, ya tashi garau. Babu abin kunya a nan. Abin da Bature ya jefar ya zama abincin iyali.

Amma ga wanda kwayil ɗinsa ya ƙone, aka kai wa mai naɗi ya sake naɗa shi a nan. Yana aiki lafiya. Mai saye ya zo ya ce, "Malam, tokunbo ne?" Aka ce masa tokunbo ne. An yi ƙarya? Ai daga waje ya zo. Kuma mai shago zai ce maka, "Mutumin nan zuƙar ƙura yake so, injin yana zuƙa, me na rage masa?"

Hujjar tana da daɗin ji, sai dai ba tambayarsa aka amsa ba. Shi abin da yake nufi, ba a taɓa buɗe cikinsa ba, kuma mu mun san haka yake nufi. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda yawancinmu muka karanta a zaure, ba ta tsaya kan hana ɓoye aibi kawai ba. Ta hana ɓoye duk wani abu game da haja wanda in an faɗa mai saye zai ƙi ta, ko farashinta ya sauka. To, mu tambayi kanmu: me ya sa ake shirun? Don in an faɗa zai rage kuɗi. Ashe wannan ratar da ke tsakanin farashi biyun, kuɗin shirun ne, ba kuɗin injin ba. Mun kuma san labarin tarin abincin da Manzon Allah (SAW) ya sa hannu a ciki ya ji danshi. Mai abincin bai furta ƙarya ba, jiƙaƙƙen kawai ya bari a ƙasa, amma aka kira abin algus.

Haka injin Amurka mai cin wuta 120, alhali tamu 230 ce. A ba mutum shi babu taransifoma, babu bayani, ya je gida ya jona, ya ƙone. Haka kayan da aka gwada a bayan shago aka ga matattu ne, sannan a zuba su cikin waɗanda ake sayarwa a kan ba a gwada ba.

Kada mu yi kamar abin da sauƙi. Ka faɗi gaskiya, mutumin ya wuce shagon gaba inda ba za a faɗa masa ba, kai kuwa ga kuɗin haya, ga na makarantar yara, ga na gida a Arewa suna jiran aike. Asarar nan gaskiya ce, kuma wani lokaci ba ta dawowa ta hanyar da ido ke gani. Amma mu baƙi ne a garin nan. In injin ya mutu bayan sati biyu, ba sunan shagon za a kama ba, cewa za a yi, "Hausawan nan." Mai goro a Agege da bai san hawa ba bai san sauka ba, shi ma ya sha.

Shawararmu ita ce a ware su tun a kan kanta: wanda ba a taɓa ba da farashinsa, wanda aka gyara da nasa. A rubuta a rasit abin da aka canza. In mai naɗin naka gwani ne, ka ba mai saye wata guda, in ya ƙone ya dawo da shi.