Gaisuwar Kirsimati a Gidan Mai Jinya

Ran 23 ga Disamba 1954, saura kwana biyu Kirsimati, Likita Joseph Murray ya yi dashen ƙoda na farko da ya yi nasara, a birnin Boston na Amurka. A Kano an soma wannan aiki a Asibitin Malam Aminu Kano a 2002, a Wagadugu kuwa a asibitin Tengandogo a 2025. Don haka yanzu a cikin Hausawan Zango, har da na Ouaga 2000, ana iya samun gidan da idi zai tarar da wanda aka yi wa dashe yana kwance yana jinya.

Ga tambaya mai wuya. Littafin Matta sura 25 ya sa gaida marar lafiya cikin ayyukan da Ubangiji zai duba a ranar shari'a. Al'ada ma haka ta koyar, gama zumunci a ƙafa yake. To, in iyalin gidan suka tsai da baƙi a zaure ran Kirsimati, sun yi zunubi ke nan?

Sai a fara duba halin mai jinya. Jiki yakan ɗauki sabuwar ƙoda kamar baƙuwa, ya tashi yaƙarta. Shi ya sa likita yakan ba da magani mai rage ƙarfin garkuwar jiki, yawansa kuwa ya fi a watannin farko. Murar hunturu da ba ta hana wani zuwa kasuwa tana iya mai da shi asibiti. Ɗaki cike da jama'a, musafaha, tari, abincin da ya wuni a buɗe, da maganin gargajiya da aka kawo da kyakkyawar niyya, duka hatsari ne gare shi.

Umurnin gaida marar lafiya domin amfanin marar lafiya aka ba da shi. Wanda ya nace sai ya shiga don kada a ce bai zo ba, sunansa yake tsaro. Ƙodar nan kuma kyauta ce, sau da yawa daga jikin ɗan'uwa. Sakaci da ita raina mai bayarwa ne.

Duk da haka, kada ikilisiya ta fake da wannan ta yashe shi, gama kaɗaici ran idi ciwo ne. A aiko mutum ɗaya ko biyu masu lafiya, su wanke hannu, su zauna nesa kaɗan, su yi addu'a a taƙaice. Mawaƙa su tsaya a tsakar gida. Sauran su gaishe shi ta waya, su haɗa gudummawar kuɗin magani, gama zai ci gaba da shansa muddin ƙodar tana aiki.