Iya Zama da Mutane: Kirki Ne ko Dabara?

Shekara uku da suka wuce, wani matashi da ke aiki a ƙarƙashina ya daina yi mini tambaya. Sana'armu haɗa manhaja ce, kuma a ƙa'ida duk abin da mutum ya rubuta sai wani ya duba kafin a yi amfani da shi. Na duba nasa, na rubuta a inda kowa ke gani: "Wannan ko ɗan aji ɗaya ba zai yi ba." Daga ranar ya koma ɓoye abin da bai gane ba. Bayan wata biyu, wani kuskure da ya ji tsoron nuna mini ya tsayar da manhajar yini guda cur.

Sai aka haɗa ni da wata mai horar da ma'aikata, muna zama awa ɗaya duk mako. Tambayoyi take yi: me ka ji kafin ka rubuta? Me kake tsoro? Na koyi barin saƙo ya kwana idan raina a ɓace yake, da yin gyara a keɓe, da fara magana da tambaya. Wannan fanni na gane motsin ranka da na wasu, Peter Salovey da John Mayer ne suka yi masa fitaccen rubutu a 1990, littafin Daniel Goleman na 1995 kuma ya yaɗa shi a duniya. Ya yi mini amfani, har yaron ya dawo yana tambaya.

Wata Juma'a da yamma na buƙaci wanda zai yi aikin Asabar. Na san wani abokin aikina mai son yabo, mai jin nauyin cewa a'a. Na ja kujera kusa da shi, na tambayi jikin mahaifiyarsa da ke asibiti, na yaba aikinsa, sannan na shigar da buƙatata. Ya amince. Ina hanyar gida abin ya tsaya mini a rai: da tambayar jikin mahaifiyarsa na buɗe ƙofar da na hana shi zuwa jinyarta.

Ashe ƙwarewar da ta gyara tsakanina da wancan yaron ita ce na cuci wannan da ita. Ɗan damfara ma ya iya karanta fuska. A watan Janairun 2012 Facebook ya yi mako guda yana sauya abin da mutum kusan 700,000 ke gani a shafukansu, don ya ga ko yanayin ransu zai sauya. Da sakamakon ya fito a 2014, abin da ya fusata jama'a shi ne an taɓa zukatansu ba da saninsu ba.

A 1974 Anthony Kirk-Greene ya wallafa nazarinsa kan mutumin kirki a wurin Bahaushe. Cikin siffofin da ya lissafa akwai hankali da hikima, akwai kuma gaskiya da amana. Horon da na samu ya ƙara mini biyun farko. Na ƙarshen ba a koya mini su a zaman awa ɗaya ba.

Wani zai ce ai kowa yana zaɓar lokacin magana, ko ɗa ba ya roƙon mahaifinsa yana cikin fushi. Haka ne. Ma'aunin da na riƙe yanzu shi ne: zan iya faɗa wa mutumin abin da nake yi da bakina? "Na bari ka huce ne kafin mu yi magana" yana faɗuwa. "Na tambayi mahaifiyarka ne don ka kasa ƙi" ba ya faɗuwa. Duk dabarar da za ta lalace in mai ita ya gane ta, yaudara ce.

Ranar Litinin na same shi, na faɗa masa gaskiya, na ba shi haƙuri. Ya yi murmushi ya ce, "Ai na gane tun a lokacin, Oga. Kunyarka na ji."