A Kai Shi Nesa: Hukunci Ne Ko Gudun Nauyi?

Kwanakin baya wani dattijon ikilisiya a nan Minna ya zo mini da wata magana da ta hana shi barci. Wani saurayi da ya tashi a hannunsu, aka kuma yi masa baftisma a gabansu, ya yi sata, ya yi shekara biyu a gidan yari, ya fito. Iyayensa suka shirya tura shi wurin wani kawunsa a Legas. Ba aiki ke jiransa a can ba. Abin da suke gudu shi ne a riƙa nuna su da baki ranar Lahadi. Dattijon ya tambaye ni, "Malam, wannan hikima ce ko zunubi?"

Ban amsa masa nan take ba, gama tambayar ta tuna mini da wata ƙasa da ta taɓa yin irin wannan shawara a kan dubban 'ya'yanta.

Shekaru da yawa Ingila tana kwashe masu laifinta zuwa Amurka. Da yaƙin neman 'yancin Amurka ya ɓarke a 1775, sai wannan ƙofa ta rufe. Kurkuku suka cika maƙil, har aka koma tsare mutane cikin tsofaffin jiragen ruwa a kogin Thames. Aka shiga neman wani wurin zubar da su. A 1785 har an yi tunanin wani tsibiri a kogin Gambiya, nan Afirka ta Yamma, amma aka fasa saboda tsoron zazzaɓi. Daga bisani aka tsai da shawara a kan Ostareliya. Ranar 13 ga Mayu, 1787, jirage 11 suka tashi daga Portsmouth a ƙarƙashin Kyaftin Arthur Phillip, ɗauke da fursunoni fiye da 700, maza da mata. Bayan wata takwas a kan teku suka iso Botany Bay, ranar 26 ga Janairu, 1788 kuma suka sauka inda birnin Sidni yake a yau. Yawancinsu ɓarayin ƙananan kaya ne. A cikinsu akwai wani yaro, John Hudson, wanda aka yanke wa hukunci yana ɗan shekara tara.

Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan dabara. Da Turawa suka ci ƙasar nan, Lakwaja suka mayar wurin ajiye sarakunan da suka tuɓe. Can aka kai Etsu Nupe Abubakar na Bida, can kuma Sarkin Kano Alu, wanda aka kama a 1903, ya rasu a 1926. Su ba ɓarayi ba ne, amma tunanin ɗaya ne: a kawar da mutum daga ido, sai a ce an gama da maganarsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ayari na biyu, na 1790. A ayarin farko waɗanda suka mutu a hanya ba su kai 50 ba, domin Phillip ya kula da abincinsu. Amma ayari na biyu sai aka ba da shi kwangila ga wani kamfani mai fataucin bayi, Camden, Calvert & King. Aka yi jinga a kan kowane fursuna da aka loda, ko ya isa da rai ko bai isa ba. Mai karatu ya tsaya ya auna wannan. Bawa in ya mutu a hanya, mai jirgi ya yi hasara, domin ba abin sayarwa. Fursuna in ya mutu, kuɗi ya riga ya shiga, abincinsa kuma ya ragu, a sayar a gaba. Cikin kimanin mutum 1,000 da aka ɗauko, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu suka mutu a teku. Ba wanda ya ba da umarni a kashe su. Sai dai wannan jinga ta tona asirin abin da ake so tun farko: tafiyarsu aka biya, ba isarsu ba.

Wani zai ce, ai daga baya abin ya yi kyau. Gaskiya ne, ba zan ɓoye ba. Mary Reibey, wadda aka kama da satar doki tana yarinya, ta isa Sidni a 1792, ta zama babbar 'yar kasuwa, hotonta kuma yana kan takardar dala 20 ta Ostareliya. Fursunoni kimanin 162,000 aka kai kafin a daina a 1868, jikokinsu da yawa suna alfahari da su yanzu. To, amma mene ne ya gyara waɗanda suka gyaru? Ba nisan teku ba ne. An ba su gona, an ba su sana'a, an ba su damar yin sabon suna. Duk waɗannan ana iya ba mutum a garinsu, in da ana so. Gonar da aka ba su kuma ta wasu ce. Mutanen Eora suna zaune a wurin tun kaka da kakanni, a 1789 kuwa cutar agana ta kashe kusan rabinsu. Duk inda muka kira "nesa", gidan wani ne. Kawun nan na Legas shi ma yana da 'ya'ya, ba kuwa a gaya masa gaskiyar abin da ya faru ba.

Littafi Mai Tsarki bai hana hukunci ba, bai ma hana kora ba. Allah ya kori Kayinu, amma ya sa masa alama domin kada a kashe shi (Farawa 4). Wanda aka kora bai fita daga lissafin Allah ba. Manzo Bulus kuwa akasin jirgin fursuna ya yi: Onisimus ya gudu nesa, Bulus ya komar da shi gida wurin Filimon, ya roƙa a karɓe shi kamar ɗan'uwa, ya kuma ɗauki nauyin biyan duk bashin da ke kansa. Wannan sashe na ƙarshe shi muke tsallakewa in muna wa'azi, domin yana taɓa aljihu.

Akwai mutum ɗaya a ayarin farko da ya fahimci haka. Rabaran Richard Johnson, wanda John Newton da William Wilberforce suka taimaka aka naɗa, ya bi fursunonin ba tare da ya yi laifi ba. Ranar 3 ga Fabrairu, 1788 ya yi musu sujada ta farko a fili, daga Zabura 116:12. Da ayari na biyu ya iso, shi ya riƙa shiga wurin marasa lafiya da masu mutuwa. Ya gaji da jiran gwamnati, a 1793 ya gina majami'a da kuɗinsa. A 1798 aka ƙone ta. Ba zan ce aikinsa ya haifi babbar farkawa ba, gama shi kansa ya sha kuka da taurin zuciyar jama'arsa. Amma yana wurin.

A 2019 doka ta sauya sunan gidajen yarin Nijeriya zuwa gidajen gyaran hali. Suna mai kyau ne. Sai dai gyaran da aka fara a ciki, a waje ake ƙarasa shi, a wurin mai ba da haya, da mai ɗaukar aiki, da uban yarinyar da za a nema, da kujerar da ke kusa da tamu a majami'a.

Abin da na gaya wa dattijon shi ne, akwai lokacin da sauya wuri alheri ne, musamman in miyagun abokai ne ke jan yaro. Amma su tambayi kansu, domin wa ake tafiyar? In domin yaron ne, za a gaya wa kawun gaskiya, a nemo sana'a kafin ya tashi, a rubuta wa faston da ke can, a kuma sa ranar zuwa duba shi. In ba ko ɗaya cikin waɗannan, to, kuɗin mota kawai aka biya, kamar jingar nan ta 1790.

Ya yi shiru. Can ya ce shi kansa yana da shagon kafinta a Bosso, yana kuwa neman yaro. Amma sai ya yi shawara da uwargida tukuna, domin kayan aikin suna da tsada.